Sukurun Da Ake Ɗaurewa Ta Ƙasa

A Amurka da Jamus da Ingila akwai magidanta, wasu har da jikoki, da kan ware ɗaki guda a gida su shimfiɗa wa ƙananan jiragen ƙasa layin dogo. Girman da aka fi yayi a Amurka da Jamus shi ne wanda suke kira HO, inda aka rage jirgin gaske sau 87, tazarar ƙarafan dogon kuma milimita 16.5 kacal. Ta cikin ƙarafan nan lantarki ke bi ya tuƙa jirgin. Ga tasha, ga gada, ga duwatsun filasta da aka shafe da fenti, ga 'yan mutane da ba su kai gaɓar yatsa ba. Baƙo kan jirgi idonsa ke tsayawa. Masu abin kuwa, in sun haɗu, sau da yawa hirarsu kan katakon da ke ɗauke da wannan duka take ƙarewa.

Sabon shiga yakan fara da faffaɗan katako guda, ƙafa 4 a ƙafa 8, ya yi masa ƙafafu kamar tebur. Ba a daɗewa aibinsa ke fitowa. Shimfiɗe yake, don haka kogi ba shi da inda zai gangara ƙasa da dogo sai an sa zarto. In kuma an jingina shi da bango, hannu ba ya kai wa can ƙurya, domin hannun mutum bai cika wuce inci 30 ba in ba ana so a murƙushe gidaje da ciki ba. A can ƙuryar kuwa tarago ya fi son sauka daga kan layi.

A farkon shekarun 1960 Linn Westcott, editan mujallar Model Railroader ta Amurka, ya yaɗa wata dabara da har yau ake bi. Ana haɗa dogayen falankai biyu, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance a kansa, su ba da siffar harafin L a kife. Irin wannan guda biyu ake ɗorawa a kan ƙafafu. Sai a gitta musu gajerun katakai, kamar yadda ake jera azara a rufin soro. Daga jikin gajerun ne ake tayar da 'yan sanduna masu tallafe siririyar hanyar jirgi, wannan dogo, wancan gajere, gwargwadon hawa da gangarar da ake so. Tsakaninsu duk fili ne. Kwari ya sauka inda ya ga dama, dutse ya tashi inda ya ga dama.

Abin lura yana wajen ɗauri. Gajerun katakan nan ba a sa musu gam, ba a buga musu ƙusa. Da sukuru ake kama su, kuma ta ƙasa ake murɗa shi, ta cikin leɓen falankin da ke kwance. Wahala ce: sai mutum ya kwanta rigingine, garin katako na zuba masa a ido, alhali ta sama aikin minti ɗaya ne. To me ya sa? Saboda sama za ta rufe. Filasta za ta hau, ciyawa za ta hau, gari zai zauna. Sukurun da aka ɗaure ta sama ya binnu ke nan, ba a kai gare shi sai an rusa dutsen da aka yi makonni ana gyarawa. Wanda ya shiga ta ƙasa kuwa, ko bayan shekara goma, in katako ya tare inda ake son haƙa kogi, sai a sunkuya a kwance shi, a gusar da katakon, a mayar. Mutanen tasha ko girgiza ba za su ji ba.

Wato tun ranar farko magini ya san cewa tsarin da yake alfahari da shi yau, gobe zai ga gyara a ciki. Shi ma katakon ba ya zama yadda aka bar shi: da danshi ya kumbura, da bushewa ya tsuke, har sai an bar 'yar tsaga a mahaɗar ƙarafa don kada dogo ya lanƙwashe.

Mu kuwa a zaman gidajenmu ta sama muka fi son bugawa, don a ga ƙarfin guduma. Uba ya yanke wa yaro abin da zai karanta, ya kuma faɗa a gaban dangi, yadda ko ya ga kuskure daga baya kunya ba za ta bar shi ya janye ba. Wa ya rantse ba zai ƙara taka gidan ƙaninsa ba. Sai shekaru su hau kan maganar, 'ya'ya su taso a kanta, surukai su gina nasu a gefe, ranar da zuciya ta huce a tarar ba a isa wurin ba sai an rusa abubuwa da yawa. Shari'a ta sa saki hawa-hawa, ta sa idda a tsakani, domin a bar ƙofar kome. Mai fushi sai ya tattara ukun ya buga lokaci guda, washegari yana yawon neman malamin da zai zare masa.

Amma fa ba kome aka bari a sake ba. Falankai biyun nan da suka yi L, su da gam ake manne su tun daga wannan kai har wancan, ba a kuma sake waiwayarsu, domin su ke ɗauke da nauyin kowa. Da su ma ana kwance su duk lokacin da aka ga dama, da teburin ya lotsa, jirgi ya kife. Gaskiya da amana da haƙƙin iyaye na wannan sahu ne. Ra'ayi, da tsari, da hukuncin da aka yanke cikin zafin rai, na sahun sukuru ne. Mafi yawan rigimar gidajenmu ta mutanen da suka juya abin ce: sun shafa wa ra'ayinsu gam, sun bar amana tana lilo.