Faifan Ƙarshe na Leonard Cohen: Hukunci ne ko Ta'aziyya?

Ranar 21 ga Oktoba, 2016, wani dattijon mawaƙi Bayahude, haifaffen birnin Montreal ta ƙasar Kanada, mai suna Leonard Cohen, wanda a lokacin nan shekarunsa 82 da haihuwa, ya fitar da faifai mai waƙa tara da ya sa wa suna You Want It Darker. Ba a kuwa cika mako uku ba, ranar 7 ga Nuwamba, sai ajali ya riske shi a gidansa na Los Angeles, cikin barci, bayan wata faɗuwa da ya yi da dare. Tun daga sannan da wuya ka tarar da mai sharhi a jaridun Amurka ko na Ingila wanda ya ambaci faifan bai kira shi wasiyya ba, kamar dai mutumin ya san ranarsa ne, ya zauna ya tsara ban kwanansa. Mas'alar da ta sa na ɗauki alƙalami ita ce: shin yabon da aka yi wa aikin nan, aikin ne ya jawo shi, ko kuwa kabarin da ke bayansa?

Kafin a shiga hujja, ya kamata mai karatu ya san wane ne mutumin. An haife shi a 1934 cikin gidan da ke riƙe da addinin Yahudu, kakansa na wajen uwa ma malami ne a cikinsu. Ya fara da rubutattun waƙoƙi da ƙagaggun labarai, bai fitar da faifansa na fari ba sai 1967, yana ɗan shekara 33, wato a shekarun da waɗansu mawaƙan rok suka riga suka tashe har tashen ya wuce. A 1994 ya yi ƙaura daga hayaniyar duniya, ya tare a wani gidan halwa na mabiya Budda a kan dutsen Baldy, kusa da Los Angeles, inda ya yi kamar shekara biyar yana yi wa malaminsu hidima, alhali bai bar addinin iyayensa ba. Bayan ya sauko, sai ya tarar dukiyar da ya tanada domin tsufa, miliyoyin daloli, ta salwanta a hannun wadda ya amince wa, lalura kuwa ta tilasta shi ya koma yawon waƙa ƙasa ƙasa, daga 2008 har 2013, furfura ta riga ta cika masa kai.

Faifan da muke magana a kansa, a falon gidansa aka ɗauki muryarsa, yana zaune bisa wata kujera ta marasa lafiya, domin ƙashin bayansa ya tsattsage, ga kuma cutar daji ta jini. Ɗansa Adam ne ya tsaya a kan aikin har aka gama. Muryar ta yi ƙasa ƙwarai, ta fi kusa da magana bisa ga rerawa, kiɗan kuma an rage shi har ba a bar kome ba sai abin da ba makawa. A waƙar farko ya gayyato mawaƙan majami'ar Yahudawa ta Shaar Hashomayim da ke Montreal, wadda danginsa suka daɗe suna ibada a cikinta, tare da ladaninta Gideon Zelermyer, ya kuma gina waƙar bisa amsar da Annabi Ibrahim, alaihis salam, ya bayar a cikin Attaura sa'ad da aka kira shi domin ya yanka ɗansa. (Su a wurinsu ɗan nan Is'haƙa ne, a wurin jamhurin malamanmu kuwa Isma'ila, amma ba wannan saɓanin ne ya tara mu ba yau.)

Wani zai ce ai mas'alar ba ta da wuya, tun da kwana 17 ne tsakanin fitowar faifan da rasuwar mai shi, sharhin da aka rubuta cikin waɗannan kwanaki kuwa cike yake da yabo, saboda haka shaida ce ta adalai waɗanda makoki bai karkatar da su ba. Hujjar tana da ƙarfi, amma ba ta kai inda ake so ta kai ba, gama a cikin watan Oktoban nan ne mujallar New Yorker ta buga doguwar hira da shi, wadda David Remnick ya rubuta, inda dattijon ya nuna a shirye yake ya mutu. A farkon shekarar kuma David Bowie, wani babban mawaƙin Ingila, ya fitar da faifansa Blackstar ranar 8 ga Janairu, ya rasu ranar 10, har masu sharhi suka koyi sauraron faifan kowane tsoho da kunnen masu rakiyar gawa. Ke nan an soma zaman makokin Cohen tun yana numfashi, kowa kuwa ya sani a gidan makoki ba a faɗin aibin mamaci. Shi kansa, da ya ga an ɗauki maganar da zafi, sai ya ce wa 'yan jarida cikin raha ya zuzuta ne, nufinsa ya daɗe a duniya.

A tuna kuma da 1984, lokacin da wannan mutumin, yana ɗan shekara 50, ya kai wa kamfanin Columbia faifansa Various Positions, wanda shi ma cike yake da zancen Ubangiji da addu'a da karayar zuciya, kamfanin ya ƙi fitar da shi a Amurka, alhali a cikinsa ne waƙar Hallelujah take, wadda daga baya mawaƙa ɗaruruwa suka riƙa maimaitawa. Abin da yake faɗa bai sake ba cikin shekara talatin da 'yan kai, sai dai kunnen masu sauraro ne ya sake.

Mu nan mun gaji daga Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, cewa ayyuka da cikawarsu ake auna su, shi ya sa ba mu rabuwa da roƙon Allah ya sa mu cika da imani. La'alla kuma wannan ne zai sa Bahaushe ya ga ba laifi a fifita aikin ƙarshe bisa sauran. Amma a lura, wanda yake auna bawa da hatimarsa shi ne wanda ya san hatimar tun kafin ta zo, ya kuma san abin da ke cikin ƙirji. Shi bawan bai san wanne ne aikinsa na ƙarshe ba, balle mai sharhi, wanda sai da ya ji labarin mutuwa sa'an nan ya koma ya riƙa tsintar ishara a cikin kowane baiti. Dalili kuwa a fili yake, domin Cohen bai rufe littafinsa ba: ya bar waɗansu waƙoƙi da aka ɗauka a wannan zaman, ɗansa ya kammala su ya fitar a 2019 da sunan Thanks for the Dance. Da Allah ya ƙara masa shekara uku, da faifan da ake kira wasiyya ya zama ɗaya daga cikin na tsakiya, ba tare da an sake masa ko harafi guda ba.

Haka nan waɗanda suka rubuta cewa ya yi sulhu da Mahaliccinsa sun faɗi abin da ba su da iko a kansa. Wanda ya saurari waƙoƙin da natsuwa zai ji miƙa wuya da jayayya a cuɗe, yana sallamawa yana kuma tuhuma, bisa wata tsohuwar al'ada ta Yahudawa ta yin muhawara da Ubangiji, wadda ladabin Musulmi bai yarda da ita ba. Iyakar abin da muka sani shi ne kai kuka ga Allah, irin na Annabi Ya'aƙuba, ba kai ƙararsa ba. Inda mutumin ya tsaya a ƙarshe, wannan gaibu ne.

Idan aka kawar da makoki gefe, aka ɗora faifan a kan mizanin insafi, ni a ganina aiki ne mai kyau ƙwarai, kyansa kuwa yana cikin taƙaitawa, irin ta wanda ya daina neman burge kowa. Amma karin waƙoƙin sun yi kama da juna, waɗansu ma balagar kalmomin ce kaɗai ta riƙe su, ba kuma zan ce ya fi abin da ya yi yana da ƙarfinsa ba. Kyautar Grammy da aka ba waƙar farko a 2018, a rukunin rok, alhali babu abin da ya haɗa ta da rok sai tsohon sunan mai ita, wannan ta'aziyya ce aka miƙa wa iyalinsa, ba hukunci ba.