Kafin a Karanta Ajanda: Aikin Addu'ar Buɗe Taro a Ikkilisiya

A kusan kowace majami'a ta Arewacin Nijeriya da Kudancin Nijar akwai wani littafi mai kaurin bango da sakatare yake riƙewa, wanda ake rubuta abin da aka tattauna a taron dattawa. Duk shafin da mutum ya buɗe, layin farko iri ɗaya ne: an buɗe taro da addu'a ta bakin wane, da ƙarfe kaza. Ko rufin kwano za a tattauna, ko albashin fasto, ko rigimar iyakar filin makaranta, da wannan ake farawa. Haka yake a taron Zumuntar Mata na tsakiyar mako, haka a wurin koyon waƙa da yamma, haka a babban taron shekara da wakilai ke zuwa daga gundumomi masu nisa.

Abin yakan zo cikin sauƙi. Yammacin Asabar ne, cikin majami'a ya ɗauki zafi, an jawo benci uku zuwa gindin dogon-yaro. Shugaba ya duba agogo, ya dubi fuskokin da suka hallara, ya ce, "Baba, a buɗe mana da addu'a." Tsohon ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya ce a sunkuyar da kai. Ya gode wa Allah da aka kwanta lafiya aka tashi lafiya, ba don wayo ko iyawar kowa ba. Ya roƙi gafara. Ya miƙa taron, yana cewa, "Ka zama shugabanmu, ka ba mu baki ɗaya." Bai manta da waɗanda ba su iso ba tukuna: "Waɗanda ke kan hanya, ka hanzarta ƙafafunsu." Wani matashi da ya makara ya iso ana tsakiyar addu'a, sai ya tsaya cik riƙe da kekensa, bai jingine shi ba sai da aka ce Amin.

To, mene ne aikin waɗannan mintoci biyu? Kirista ya gaskata cewa Allah yana ko'ina, kuma a sura ta 18 ta Bisharar Matiyu Yesu ya yi alkawarin kasancewa tare da mabiyansa ko da su biyu ne ko uku suka taru da sunansa. Ashe ba kiran wanda ya yi nisa ake yi ba. Waɗanda ke bukatar a kira su su ne mutanen da ke zaune a kan bencin. Jikinsu ya iso, amma hankalin wannan yana gona, na wancan yana asibiti, kuma kusan kowa ya baro gida da tasa shawarar a yanke. Ma'aji ya riga ya san kuɗin ba zai isa ba. Shugaban matasa ya riga ya shirya amsar da zai mayar. Addu'ar buɗewa ita ce furtawa a bainar jama'a cewa maganar ba ta ƙare ba tukuna, kuma taron yana da mai shi wanda ya fi shugaba. Tamkar sallama ce a ƙofar zaure: mai yin ta ya yarda gidan ba nasa ba ne, sai an amsa masa zai shiga. Wanda ya ce Amin ga roƙon "ka bi da mu" ya ɗauki alkawarin cewa zai iya komawa gida da ra'ayin da bai zo da shi ba.

Taron shawara na farko da Littafin Ayyukan Manzanni ya ba da labarinsa ya nuna haka. Mutum wajen 120 ne suka taru a Urushalima don cike gurbin Yahuza Iskariyoti. Bitrus ya faɗi sharaɗin wanda zai cike shi, aka gabatar da mutum biyu, Yusufu Barsaba da Matiyas. Kafin a jefa ƙuri'a suka yi addu'a, ita kuwa ayoyi biyu ce kawai, ba su ce a ba wane ba. Sun roƙi Masanin zukata ya nuna wanda ya zaɓa, domin da gaske ba su san amsar ba.

Tsoffin Kirista sun san abin da ke ɓata taro, ba su kuma ji kunyar ambatonsa gaban Allah ba. Akwai wata addu'a ta Latin da ake dangantawa da Isidoro, bishop na birnin Sebil a Sifaniya, wanda ya rasu a shekara ta 636. Shekaru aru-aru ana buɗe manyan majalisun ikkilisiya da ita. Da ita bishop-bishop sama da 2,000 suke fara zamansu a Majalisar Vatican ta Biyu, daga 1962 zuwa 1965, kuma an sake ɗauko ta a taƙaice don taron tuntuɓa da Paparoma Francis ya ƙaddamar a 2021. Masu yin ta suna roƙon Ruhu Mai Tsarki ya tsare su daga abubuwa uku: jahilci, son kai wajen fifita nasu, da karɓar kyauta ko duban fuskar mutum. Duk wanda ya taɓa zama a taron zaɓen dattawa, ko na rabon kwangilar ginin majami'a, ya san waɗannan ukun suna nan da ransu. Ƙarfin addu'ar shi ne ba ta ɗora laifin a kan waɗansu can waje ba. Masu roƙon ne da kansu ake jin tsoronsu.

An daɗe ana gardama kan ko a karanta addu'a daga littafi ko a yi ta daga zuciya. A Ingila gardamar ta kai har kurkuku. Thomas Cranmer, babban bishop na Kantabari, ya fitar da littafin addu'o'i na Turanci a 1549, ya sa wata gajerar addu'ar neman tsarkin zuciya a farkon hidimar Jibin Ubangiji, wadda Angilikan ke buɗe wannan hidima da ita har yau. A 1662 aka kafa dokar tilasta wa kowane limami amfani da littafin, sai kusan limamai 2,000 suka bar kujerunsu. John Bunyan, mai gyaran tukwane da aka tsare a Bedford tun 1660 saboda wa'azi ba da izini ba, ya rubuta ɗan littafi daga kurkuku yana cewa addu'ar gaske daga zuciya take ɓuɓɓugowa ta ikon Ruhu, ba a ɗora wa mutum ita a baki.

Duka al'adun biyu sun iso ƙasar nan. A majami'ar St. Bartholomew ta Wusasa, kusa da Zariya, wadda aka gina da ƙasa a 1929 bisa salon ginin Hausa, littafin addu'a ke jagora. A cocin Katolika fada yakan ce, "Mu yi addu'a," ya yi shiru na ɗan lokaci domin kowa ya kawo abin da ke ransa, sannan ya tattara su duka cikin jimloli kaɗan. A ECWA kuwa, wadda ta fito daga aikin mishan ɗin SIM da ya soma a 1893, da COCIN da ta fito daga aikin SUM na 1904, da EYN, da HEKAN, an fi sabawa da a kira wani ya tashi ya yi da bakinsa. Sai dai wanda ya kasa kunne zai ji cewa tazarar ba ta kai yadda ake zato ba. Addu'ar da ake cewa ta zuciya tana da nata tsari da yara ke haddacewa tun suna makarantar Lahadi: yabo, godiya, tuba, roƙo, sannan rufewa da sunan Yesu. Rubutacciya ma, in ta faɗa bakin wanda ya san nauyinta, sai ta fito kamar yau aka fara yin ta.

Ma'aunin da ya fi wannan gardama amfani yana bakin jama'a. Wajen shekara ta 155, Jastin Shahidi ya rubuta wa sarkin Rum bayanin yadda Kirista ke taruwa ranar Lahadi. Ya ce shugaba yakan yi addu'a da godiya gwargwadon iyawarsa, jama'a kuma su amince da Amin. Baki ɗaya ne ke magana, amma addu'ar ta kowa ce, shi ya sa ake cewa "muna roƙo", ba a cewa "ina roƙo". Manzo Bulus ya ja hankalin Korantiyawa kan wannan a sura ta 14 ta wasiƙarsa ta fari, inda ya nuna cewa mutum ba zai iya amsa Amin ga godiyar da bai fahimta ba.

A Arewa wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ɗan Berom da ɗan Ngas da Bajju da Tangale da Bura da Bachama, da Bahaushen Malumfashi ko na Maraɗi, Hausa ce ta zaunar da su a benci ɗaya, musamman tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya ba da shekarunsa a kai. Yau majami'u da yawa a Jos da Kaduna suna da sashen Hausa da sashen Turanci. Idan aka yi taron haɗin gwiwa, aka kira wani ya buɗe da dogon Turanci, tsofaffin matan da suka fi kowa sammako sukan ce Amin don ladabi kawai. Shugaba mai lura yakan zaɓi harshen da kaka za ta ji, ko ya sa a raba addu'ar gida biyu.

Akwai abin da ya fi bambancin harshe kashe Amin, shi ne habaici. Kowa ya san irin addu'ar. Mai yin ta ya rufe ido, amma da na gefensa yake. "Ya Ubangiji, ka taɓa zukatan waɗanda ba sa son ci gaban aikinka," alhali duk wurin an san wanda ya ƙi amincewa da kasafin kuɗi a makon jiya. Wanda ake yi dominsa ba shi da damar mayar da martani, don ba a katse addu'a. An ci shi da yaƙi tun kafin sakatare ya karanta ajanda. Irin wannan ta fi rashin addu'a muni, domin ta mai da sunan Allah makamin ɓangare ɗaya. Yesu ya ba da misalin Bafarisiye da mai karɓar haraji a sura ta 18 ta Luka, kuma laifin Bafarisiyen ke nan: yana tsaye gaban Allah, amma idonsa na kan maƙwabcinsa. 'Yar'uwar habaici ita ce addu'ar da ake yi bayan an gama ƙulle-ƙulle a ɗakin wani tun daren jiya, a zo ana roƙon jagora kan abin da aka riga aka yanke.

Batun tsawo ba ya bukatar dogon bayani. Sulemanu ya yi addu'a mai ayoyi wajen 30 ranar keɓe Haikali, kuma ranar ta cancanci haka. Iliya a Dutsen Karmel ya yi tasa cikin ayoyi biyu, bayan annabawan Ba'al 450 sun wuni suna ihu. Dokar da Benedik ya rubuta wa sufayensa a Italiya a ƙarni na 6 ta ce addu'ar da ake yi cikin jama'a ta zama gajera ƙwarai. Mai buɗe taro ba shi ne mai wa'azi ba, kuma mai goyo da ta bar tukunya a wuta tana cikin waɗanda yake wakilta.

Wanda ya zo daga nesa zai iya ɗaukar godiyar an iso lafiya a matsayin al'ada kawai. A nan ba haka take ba. EYN ta soma ne da sujada a gindin tsamiya a Garkiɗa ranar 17 ga Maris, 1923. A watan Oktoba na 2014 Boko Haram suka mamaye hedkwatarta da ke Kwarhi kusa da Mubi, shugabanninta suka koma Jos na ɗan lokaci, watanni shida bayan sace 'yan matan Chibok, waɗanda yawancinsu 'ya'yan wannan ikkilisiya ne. A Janairun 2015 an ƙona majami'u a Damagaram da Yamai. Wakilin da ya ratso shingayen bincike da dajin da ake tare motoci ya san abin da yake gode wa. Maƙwabcinsa Musulmi da ya bi hanya ɗaya zuwa nasa taron, ya ɗaga hannu aka shafa Fatiha, shi ma ya sani.

Waɗansu ikkilisiyoyi sun gane cewa abin da aka roƙa da ƙarfe huɗu yakan gushe kafin ƙarfe biyar, sai suka nemi hanyar sabunta shi. 'Yan Kweka, da suka taso a Ingila wajen 1650 a ƙarƙashin George Fox, da shiru suke buɗe taron shawararsu, ba sa kaɗa ƙuri'a, kuma in gardama ta yi zafi magatakarda yakan nemi a koma shiru. A taron bishop-bishop kan matasa a 2018, Paparoma Francis ya sa a riƙa yin shiru na kimanin minti uku bayan kowane mutum biyar sun yi magana. Majami'un ƙauye suna yin irin wannan ba tare da rubutacciyar doka ba. Murya ta fara tashi kan kuɗin baiko, wani ya miƙe yana nuna yatsa, sai shugaba ya ajiye biro ya ce, "'Yan'uwa, mu tsaya mu sake yin addu'a." Shugaban da ya san aikinsa yakan ba da wannan addu'a ga wanda ya fi kowa fushi, domin dole ya yi roƙo a madadin mutumin da yake gardama da shi, da kalmomin da shi ma zai iya amsawa. Sau da yawa bayan nan ne ake ɗage maganar zuwa wani mako, ko a naɗa mutum uku su je su duba takardun ma'aji su kawo rahoto.