Ya Kamata Jama'a Ta Rabu Saboda Al'ada?

A tekun Karibiyan, kusa da gaɓar ƙasar Benezuwela, akwai wani tsibiri mai zafi, sunansa Kurasawo. Yahudawa suka fara zama a wurin a shekara ta 1651. Kakanninsu mutanen Ispaniya da Fotugal ne. Aka kore su daga Ispaniya a 1492, a Fotugal kuwa aka tilasta musu barin addininsu a 1497. Zuriyarsu suka gudu Holan, daga nan waɗansu suka haye teku. Majami'arsu, Mikve Isra'ila, watau Begen Isra'ila, an keɓe ta a 1732, har yau kuwa ana sujada a cikinta. Daɓenta a rufe ya ke da rairayi. Waɗansu sun ce domin tunawa da shekara 40 cikin jeji ne, waɗansu kuma sun ce kakanninsu ne su ke zuba shi domin kada a ji tafiyarsu sa'ad da su ke addu'a a ɓoye.

Amma jama'ar da tsanani bai iya warwatsa ta ba, gardama ta raba ta. A 1864 waɗansu suka fita, gama suna son sabon tsarin sujada, suka gina tasu majami'a mai suna Emanuwel. Abin mamaki, a 1866 tsohuwar majami'a ta kafa babban abin kiɗa, watau ogan, domin ta sabunta sujadarta. Duk da haka rabuwar ta kai shekara 100. Sai a 1964, da kowane gefe ya ragu ƙwarai, suka sake haɗuwa, suka gama sunayen biyu.

'Yan'uwa, ba mu ce kowace rabuwa laifi ce ba. Kakannin mutanen nan sun bar gida da dukiya domin kada su yi musun bangaskiyarsu, mun kuwa yaba musu. Amma bangaskiya daban, al'ada daban. Ga yadda za mu gwada: abin da mu ke faɗa a kansa, za mu yarda a kore mu daga ƙasa saboda shi? Idan ba za mu yarda ba, ashe bai isa mu kori ɗan'uwa saboda shi ba.

Wani zai ce, da masu son gyara ba su fita ba, da dattawa ba su motsa ba. Mai yiwuwa haka ne. To, alhakin yana wuyan gefe biyu ke nan: dattawan da suka ƙi ji da wuri, da masu gyaran da suka kasa haƙuri. Waɗanda suka ɗauki nawayar kuwa su ne jikokin da aka haifa cikin gardamar da ba su fara ba.

Mu ma cikin ekklesiyoyinmu mun san jayayya a kan ganga da waƙa da harshen wa'azi. Kada mu jira sai kujeru sun zama wofi kafin mu nemi juna. Bari ƙauna ta yi yau abin da larura za ta tilasta mana gobe.