Ƙaddara da Sababi a Bakin Ruwan Warra

Tun ranar 26 ga watan Mayu, 2021, da wani jirgin ruwa ya nutse a kusa da Warra, cikin ƙasar Ngaski, ɗauke da mutane fiye da 150, waɗanda ba a tsamo masu rai daga cikinsu ba sai 'yan kaɗan, wata mas'ala take ta kai komo a zuciyata: shin idan muka ce ƙaddara ce, magana ta ƙare ke nan, ko kuwa akwai sauran hisabi a wuyan rayayyu?

Babu mumini da zai yi jayayya da cewa kowane rai yana da ajalinsa, kuma wannan yaƙini shi ne ya riƙe zukatan waɗanda suka kwana a bakin ruwa suna jiran gawarwakin 'yan'uwansu. Amma malamanmu na tauhidi, waɗanda suka koya mana imani da ƙaddara, su ne kuma suka koya mana cewa riƙon sababi wajibi ne, kuma ƙaddara mafakar haƙuri ce bayan musiba ta auku, ba ta zama uzurin mai sakaci kafin aukuwarta.

Wanda ya taɓa tsayawa a mashigin Warra ran kasuwa ya san abin da nake nufi. Za ka ga an jera buhunan hatsi, an ɗora babura a kansu, mata da goyo sun takure a gefe, ruwa ya kusa taɓa leɓen jirgi, wani yaro kuma yana ta kwalfe abin da ke tsattsafowa ta tsakanin katako. Kowa ya ga haɗarin, kowa kuma ya shiga, domin in wannan ya tashi, babu tabbacin wani zai zo kafin kasuwa ta watse.

Abu ne mai sauƙi a ɗora laifin duka a kan mai jirgi, kuma lalle fuƙaha'u sun ɗora lamuni a kan wanda ya yi sakaci da amanar da aka ba shi. Sai dai adalci bai yarda a tsaya nan ba. Lokacin da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, aka tayar da mutane wajen 44,000 daga mazauninsu, Gungawa da Kambari da sauransu, kogin da kakanninsu suka san kowane lungunsa ya zama tafki mai faɗi, da kututtura ɓoye a ƙarƙashinsa, wutar da aka samu kuwa ta tafi ta haskaka manyan birane, aka bar ƙauyukan gaɓa da kwale-kwale.

Hujjar da akan kawo ita ce mutanen ƙauyukan nan ba su da yawa, don haka kai musu hanya ko babban jirgi ba ya biyan kuɗinsa. Wannan lissafin ɗan kasuwa ne, bai kamaci shugaba ba, gama shari'a ba ta auna alfarmar rai da yawan gidajen garinsu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin Usulus Siyasa, ya lissafa gyaran hanyoyi da kasuwanni cikin abubuwan da ke wuyan mai mulki. Tafkin Kainji kuwa, ga mutumin Warra, shi ne hanya.

Saboda haka ina roƙon hukumomin Kebbi da na Neja, da hukumar kula da hanyoyin ruwa, su sa jirage masu ƙwari da ke tashi a kan ƙa'ida kowace ran kasuwa, su cire kututturan nan, su wajabta rigar kariya ga kowane fasinja. Ina kuma roƙon limamanmu, daga Yelwa har Shanga, su hau mumbari su gaya wa jama'a hukuncin wanda ya yi wa jirgi lodin da ya fi ƙarfinsa.