Shaidar Ido da Sirrin Hukuma

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. A kan wannan ne alƙali kan fifita wanda aka yi abu a kan idonsa bisa wanda aka ba labari, kuma a kansa ne mai sayen sa ba ya biyan kuɗi sai ya je kara ya gani. Sai dai karin maganar bai gaya mana yadda za mu yi da wanda ya gani ɗin ba idan abin da ya gani ya fi ƙarfin saninsa, har ya rasa sunan da zai kira shi da shi. Tambayar da muke son mu tattauna a nan ita ce: idan mutum mai cikakken hankali, wanda ba a san shi da ƙarya ba, ya zo gaban hukuma ya ce ya ga wani abu a sama wanda bai san ko mene ne ba, wane hakki ne yake da shi a kan wannan hukuma? Za mu ɗauki misalanmu daga Amurka, domin a can ne sojoji suka shafe shekaru fiye da ashirin suna karɓar irin wannan shaida suna ajiye ta a rubuce.

Lamarin ya samo asali ne ranar 24 ga Yuni, 1947, lokacin da wani ɗan kasuwa mai tuƙa jirginsa na kansa, Kenneth Arnold, ya ce ya ga abubuwa tara masu walƙiya suna tafe a jere kusa da dutsen Rainier a jihar Washinton, da gudun da babu jirgin da aka sani yana da shi a lokacin. Jaridu suka raɗa musu suna da za mu iya cewa faifai mai tashi. Daga baya Arnold ya koka cewa shi tafiyarsu ya kwatanta da ta faranti da aka wurga bisa ruwa yana tsalle, 'yan jarida kuwa suka mai da kwatancin tafiya ya zama na siffa. Kafin a ce kwabo mutane a jihohi da dama sun fara ganin fayafai. Tun daga ranar farko ke nan maganar mai shaida ta fara sauya kama a bakin masu isar da ita, abin da duk wanda ya nazarci adabin baka ya sani sarai.

Rundunar Sojan Sama ta Amurka ba ta ɗauki abin da wasa ba, domin zamani ne na yaƙin cacar baka, kuma abin da take tsoro shi ne kada ya zama wani sabon makamin Tarayyar Sobiyet ne. Ta kafa shirin bincike har sau uku, na ƙarshensu kuma mafi daɗewa shi ne wanda aka sa wa suna Blue Book, wato Shuɗin Littafi, daga 1952 zuwa 1969, mai mazauni a sansanin Wright-Patterson a jihar Ohayo. Da aka rufe shi, adadin rahotannin da aka tara tun daga 1947 ya kai 12,618. Mafi yawansu an danganta su da taurari da balan-balan da jirage da gajimare. Guda 701 aka bar su a matsayin waɗanda ba a gane ba.

Wajibi ne mu fara da amincewa cewa ido yana kuskure, kuma kuskurensa ba shi da alaƙa da gaskiyar mai shi. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, in ji Bahaushe. To, a ƙasa ne ya san ƙimar, inda akwai bishiya da gini da mutum da zai auna abu da su. A sama babu ma'auni. Ƙaramin abu na kusa da babban abu na nesa ɗaya suke a gare shi, kuma wanda bai san girman abu ba ba zai san nisansa ba, wanda bai san nisansa ba kuwa ba zai san gudunsa ba. Tauraruwar da muke kira Zara matar wata ta sha ruɗin matuƙa jirage da 'yan sanda, har su rantse cewa tana bin su. Mu ma nan ba baƙin wannan matsala ba ne, domin a batun ganin wata malaman fiƙihu sun daɗe da rarrabewa tsakanin adalcin mai shaida da ingancin abin da ya shaida, har ana iya ajiye shaidar mutum ba tare da an kira shi maƙaryaci ba. Wannan rarrabewa ita ce ƙashin bayan maganarmu.

Labarin Kyaftin Thomas Mantell ya nuna yadda abin kan kai ga rai. Ranar 7 ga Janairu, 1948, mutane da yawa a jihar Kentaki suka ga wani babban abu fari a sama, har da ma'aikatan hasumiyar filin jirgin soja na Godman. Aka nemi Mantell, matashi ɗan shekara 25 wanda ya yi yaƙin duniya na biyu, da ya duba. Ya bi abin yana ta hawa, alhali ba shi da iskar shaƙa ta tafiyar sama mai nisa, har ya suma, jirginsa ya faɗo ya rasu. Bayanin farko da aka bayar shi ne wai Zara ya bi. Sai a 1952, da Kyaftin Edward Ruppelt ya sake duba takardun, aka karkata ga cewa wani ƙaton balan-balan ne na binciken sojan ruwa mai suna Skyhook, wanda a lokacin sirri ne, ta yadda shi Mantell da waɗanda suka tura shi ba su san da shi ba. In haka ne, to mutumin ya ga abu na haƙiƙa, kuma gwamnatinsa ce ta saka shi a sama. Amma shekara huɗu abin da aka bar wa iyalinsa da shi shi ne cewa gogaggen matuƙi ya mutu yana farautar tauraruwa da rana tsaka.

Za a iya yi wa wannan uzuri da cewa masu binciken su kansu a duhu suke. Abin da ya biyo baya ba shi da wannan uzuri. A 1955 aka fara gwajin jirgin leƙen asiri na U-2, wanda ke tashi sama da ƙafa 60,000, a zamanin da jiragen fasinja ke tafiya tsakanin ƙafa 10,000 zuwa 20,000. Da magariba, bayan rana ta faɗi ga matuƙin da ke ƙasa-ƙasa, takan ci gaba da haska fikafikan U-2 masu launin azurfa, sai ya hango wani abu kamar wuta can samansa, a inda iliminsa ya tabbatar masa babu jirgin da zai kai. Ya rubuta rahoto. Masu binciken Blue Book kan tuntuɓi hukumar leƙen asiri ta CIA, su ga cewa lallai U-2 ya bi ta wurin a wannan sa'a, sannan su rubuta wa mutumin cewa ƙanƙarar sama ce ko wani sauyin yanayi. Masanin tarihi Gerald Haines, a nazarin da mujallar CIA ɗin kanta ta buga a 1997, ya ce fiye da rabin rahotannin ƙarshen shekarun 1950 da na 1960 jiragen leƙen asiri ne suka jawo su. Akwai masu ganin adadin ya yi yawa, kuma muna iya barin musu wannan. Abin da ya dame mu shi ne aikin kansa, ko da sau goma aka yi shi: mutum ya ga daidai, hukuma ta san ya ga daidai, ta ce masa idonsa ne ya yaudare shi.

Mai kare hukuma yana da hujja, kuma bai kamata mu raina ta ba. Zai ce ƙasa tana da hakkin ɓoye makamanta, rayukan miliyoyin mutane sun rataya a kan sanin abin da abokin gaba yake shiryawa, kuma ɓacin ran wani matuƙin jirgi ƙaramin farashi ne. Zai ƙara da cewa shiru ma magana ce, domin da zarar soja ya ce ba zai yi bayani ba, mai wayo ya gane akwai abin da ake ɓoyewa. Mun yarda da rabin farko. Babu mai hankalin da zai ce a buga zanen jirgin leƙen asiri a jarida. Amma akwai tazara mai faɗi tsakanin wanda ya ce maka ba zan gaya maka ba da wanda ya ce maka ba ka gani ba. Na farko ya hana ka sani kawai, ka tafi da mutuncinka da amincewarka ga idonka. Na biyu ya sayi sirrinsa da mutuncinka, ba tare da ya shawarce ka ba, ya mayar da kai gida abin dariya ga abokan aiki, kuma ga matuƙin jirgi, wanda abincinsa ya dogara a kan a yarda da ganinsa da hankalinsa, wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Sannan akwai tambayar da ta fi kowace ciwo, wato daga wa ake ɓoye sirrin? U-2 ya fara ratsa samaniyar Tarayyar Sobiyet ranar 4 ga Yuli, 1956, na'urorin Rasha na hangen jirage suka gan shi, kuma cikin 'yan kwanaki Mosko ta aike da takardar ƙorafi. Abokin gaba ya riga ya sani ke nan. Waɗanda suka rage cikin duhu su ne mutanen Amurka, har zuwa ranar 1 ga Mayu, 1960, da aka harbo jirgin Francis Gary Powers, gwamnati ta ce jirgin binciken yanayi ne ya ɓata hanya, Khrushchev kuma ya sanar da cewa matuƙin yana hannunsu da ransa. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Ba ma nan abin ya tsaya ba. Tun a Janairun 1953 wani kwamitin masana da CIA ta tara ƙarƙashin H. P. Robertson ya ga cewa haɗarin yana cikin yawan rahotannin ne, domin suna iya toshe hanyoyin sadarwar soja a ranar da hari na gaskiya zai zo. Shawararsa ita ce a yi amfani da kafafen watsa labarai a rage wa batun kwarjini a idon jama'a. Manufar tana da ma'ana, amma sakamakonta shi ne mai bincike ya shiga aiki da amsa a aljihu. J. Allen Hynek, masanin ilimin falaki da ya yi wa sojojin aikin ba da shawara shekara kusan ashirin, ya ɗanɗana wannan a Maris na 1966, lokacin da mutane da dama a jihar Mishigan suka ga wasu fitilu, ya ce wa 'yan jarida mai yiwuwa iskar fadama ce da ke kamawa da wuta. Jama'a suka ji kamar an zage su, har Gerald Ford, wanda a lokacin ɗan majalisa ne daga jihar, ya nemi majalisa ta yi bincike. Hynek, wanda ya fara a matsayin mai ƙaryatawa, ya ƙare yana zargin shirin da rashin yin binciken kimiyya na gaske, kuma a 1973 ya kafa cibiyarsa ta kansa.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa muna goyon bayan masu cewa baƙi ne daga wata duniya. Su ma suna zaluntar mai shaida ta wata fuskar, domin shi cewa ya yi ya ga abin da bai gane ba, su kuwa suka cusa masa a baki cewa ya ga jirgin wasu halittu. Rashin gane abu ba hujja ba ce ta kowane irin bayani. A ganinmu wannan adadi na 701 shi ne ɓangare mafi daraja a duk takardun Blue Book, saboda a nan ne kawai hukuma mai bindiga ta iya buɗe baki ta ce ban sani ba, ta bar maganar a haka. Abin takaici shi ne ƙaryar da aka yi a sauran wurare ta ɓata har wannan gaskiyar. A garin Roswell, a Yulin 1947, sojoji sun ce sun tsinci faifai mai tashi, nan da nan suka janye suka ce balan-balan ɗin auna yanayi ne. A 1994 suka fito da bayani cewa tarkacen na wani shirin sirri ne mai suna Mogul, na balan-balan masu sauraron ƙarar gwajin bam ɗin nukiliyar Sobiyet. Bayanin yana da takardu masu ƙarfi a bayansa, amma mutane da yawa suka ƙi karɓa, kuma da wuya a ga laifinsu ƙwarai, tunda mai maganar ya riga ya amsa da bakinsa cewa bayaninsa na shekara 47 bai cika ba.

Ita kanta rundunar ba ta tsira daga abin da ta shuka ba. Matuƙan jiragen yaƙi sun koyi cewa wanda ya ce ya ga abin da bai gane ba zai sha ba'a, saboda haka suka riƙa yin gum, alhali su ne idon ƙasar a sama, kuma abin da suka gani yana iya zama na'urar leƙen asirin wata ƙasa. Sai a Maris na 2019 sojan ruwan Amurka suka fito da tsayayyen tsari na kai irin wannan rahoto. A Yunin 2021 ofishin daraktan leƙen asiri na ƙasa ya miƙa wa majalisa nazarin rahotanni 144, akasarinsu daga matuƙan soja, inda aka tantance guda ɗaya tak, wani babban balan-balan da iska ke fita daga cikinsa. Cikin abubuwan da nazarin ya lissafa a matsayin cikas ga aikin har da tsoron tsangwama da ke hana matuƙa magana. A Maris na 2024 kuma ofishin da Ma'aikatar Tsaro ta kafa domin wannan aiki ya ce ya bi takardun gwamnati tun daga 1945 bai sami shaidar wata fasaha daga wajen duniya ba, ya kuma ce da yawa daga abin da mutane suka gani a shekarun baya gwaje-gwajen sirri ne na Amurka kanta.