Shin Tafiya Tana Wanke Raini?

Ana cewa tafiya mabuɗin ilmi, amma ni ina shakka ko tana buɗe zuciya. Dubi Ibn Battuta. Ya ga Makka, ya ga Indiya, har alƙalanci ya yi a Delhi. Amma da ya iso Walata a 1352, aka karrama shi da dakakken gero da zuma da nono, sai ya raina abincin, ya raina masu shi, har ya so juyawa. Mu ɗalibai mukan ji haushinsa in mun karanta, alhali mu ma mukan auna ƙabila da tuwonta. Sai da ya yi watanni a birnin Mali kafin ya shaida adalcin mutanen da amincin hanyoyinsu. A ganina zaman ne ya gyara masa ido, ba nisan tafiyar ba. Ko da hakan, bai share rainin farko daga littafinsa ba.