Ɗan Kasuwar da Ya Sa Kuɗinsa a Gidan Rediyon Ƙarya

 Wannan makon za mu leƙa ƙasar Ruwanda, domin a can akwai labarin wani ɗan kasuwa da ya kamata duk mai shago ko rumfa a cikinmu ya sani.

Sunansa Felicien Kabuga. Ɗan talakawa ne, da tallan sigari da gwanjo ya fara a kasuwar yankinsu, kamar yadda da yawanmu muka fara da faifan goro ko tiren dabino. Allah Ya buɗa masa, ya mallaki gonakin shayi da masana'antar fulawa da gidaje, har ya shiga sahun manyan attajiran ƙasar, ya kuma haɗa surukuta da shugaban ƙasa Juvenal Habyarimana. A 1993 aka buɗe wani gidan rediyo mai zaman kansa a Kigali da ake kira RTLM, Kabuga na cikin manyan masu hannun jari, shi ne kuma shugaban kwamitin da ya kafa shi.

Da farko gidan rediyon nan bai yi kama da abin tsoro ba. Kiɗa ne na zamani, da barkwanci, da hira irin ta bakin titi wadda gidan rediyon gwamnati ba ya yi. Matasa suka so shi, direbobi suka so shi. A tsakanin kiɗa da dariya ake sako magana: wai 'yan ƙabilar Tutsi sun shirya asirin gamawa da 'yan Hutu, wai maƙwabcinka da kuke gaisawa kullum ɗan leƙen asiri ne, wai suna da jerin sunaye. A ƙauyuka har yawo ake da zancen cewa sun haƙa ramukan da za su binne Hutu a ciki. Aka daina kiransu mutane, aka koma ce musu kyankyasai.

To, a lura da wani abu, don nan ne wayon Shaiɗan yake. Ba duka zancen ne ƙarya ba. Gaskiya ne 'yan tawaye, waɗanda yawancinsu Tutsi ne, sun shigo da yaƙi daga Yuganda tun watan Oktoban 1990. Gaskiya ne a Oktoban 1993 sojojin Tutsi a Burundi sun kashe zaɓaɓɓen shugabansu Melchior Ndadaye, wanda Hutu ne. Sai a ɗauko wannan ƙwayar gaskiya a zuba ta cikin buhun ƙarya, a ce da mutum: ka gani ko? In ba ka riga su ba, za su riga ka. Tsohuwar da ke sayar da wake a gefen hanya ba ta san komai game da Burundi ba, amma ita aka ɗora wa laifin.

Ranar 6 ga Afrilun 1994 aka harbo jirgin shugaba Habyarimana yana shirin sauka a Kigali. Cikin kwana kusan 100 aka kashe mutum wajen 800,000, yawancinsu Tutsi, tare da Hutun da suka ƙi shiga kisan. Ba da bam aka yi yawancin wannan aiki ba, da adda ne da kulki, maƙwabci a kan maƙwabci. Rediyon kuwa yana karanto sunayen mutane da unguwanninsu da lambobin motocinsu, yana faɗin inda suka ɓuya. Masu tsare hanya, adda a hannu ɗaya, rediyo a ɗaya hannun.

Kada wani ya ce ai wannan aikin waɗanda ba su san Allah ba ne. Hassan Ngeze, mai jaridar Kangura da ta fara shuka wannan ƙiyayya tun 1990, sunan Musulmi gare shi, kuma Musulmin ne. Kotun Majalisar Ɗinkin Duniya da ta zauna a Arusha ta Tanzaniya ta yanke masa ɗaurin rai da rai a watan Disambar 2003, daga baya a ɗaukaka ƙara aka mayar da shi shekara 35. Tare da shi aka yanke wa Ferdinand Nahimana, malamin tarihi a jami'a, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa rediyon. Ilimi bai hana shi ba. A gefe guda kuma, a wannan ƙasar dai, Musulmi da yawa, waɗanda su ma tsiraru ne kamar yadda muke a nan, sun ɓoye mutane a gidajensu da masallatansu ba su tambayi ƙabila ba, wasu ma sun rasa ransu a kan haka. Bayan ƙura ta lafa mutane da dama suka karɓi Musulunci saboda abin da idonsu ya gani.

Shi kuwa Kabuga gudu ya yi. Shekara 26 ana nemansa, Amurka ta sa ladan dala miliyan 5 ga wanda ya nuna inda yake. Sai ranar 16 ga Mayun 2020 aka kama shi a wani ɗan gida a gefen birnin Faris na Faransa, tsoho tukuf, yana zaune da sunan aro. Aka fara shari'arsa a birnin Heg a 2022, ya musanta tuhumar. A 2023 alƙalai suka ce ciwon mantuwa ya cinye hankalinsa, ba zai iya tsayawa gaban kotu ba, aka dakatar da shari'ar. Don haka mu ma ba za mu yanke masa hukuncin da kotu ba ta yanke ba, abin da ya tabbata kawai muka faɗa: kuɗinsa da sunansa suna cikin gidan rediyon nan. Sauran yana wurin Alƙalin da ba a yi masa mantuwa.

Wannan cuta ba baƙuwa ba ce a tarihinmu. A Madina, a zamanin Annabi (SAW), an yi wa Uwar Muminai Nana A'isha (RA) ƙazafi bayan dawowa daga yaƙin Banu Musɗaliƙ. Wanda ya kitsa zancen shi ne shugaban munafukai Abdullahi ɗan Ubayyu, amma shi bai tsaya a kasuwa ya yi shela ba. Raɗa ya yi, ya bar wasu su ɗauka. Waɗanda suka ɗauka kuwa ba munafukai ba ne, akwai Misɗahu, wanda ya halarci Badar, ɗan'uwan Sayyidina Abubakar ne kuma Abubakar ɗin ke ciyar da shi. Wata guda Madina tana cikin wannan hali, har Ausu da Khazraju suka kusa kaurewa da faɗa a cikin masallaci, Annabi yana kan mumbari. Da ayoyin Suratun Nur suka sauka, ba wanda ya ƙirƙira kaɗai suka zarga ba. Sun zargi masu karɓa da harshe su miƙa wa na gaba alhali ba su da sani, suna ganin abin ƙarami ne, ga shi kuwa babba ne a wurin Allah. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarce mu da bincike idan fasiƙi ya zo da labari, don kada mu cuci mutane cikin jahilci mu wayi gari muna nadama. Imamu Muslim kuma ya kawo a gabatarwar littafinsa hadisin da ke nuna cewa faɗin duk abin da kunne ya ji ya ishi mutum zama maƙaryaci.

Yanzu fa kowannenmu yana da gidan rediyonsa a aljihu. Saƙon murya ya shigo WhatsApp da ƙarfe biyun dare: an tare motocin albasa a gari kaza, an kashe 'yan Arewa kaza, a tura wa kowa don Allah. Babu sunan mai magana, babu rana, hoton ma wataƙila na wata ƙasa ne na shekarun baya. Kafin asuba ya isa Kano da Sakkwato. Mun san yadda rikicin Shagamu na Yulin 1999 ya haifar da ramuwar gayya a Kano, a kan mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. Mun san na kasuwar Shasha a Ibadan a Fabrairun 2021, yadda saɓanin mutum ƙalilan ya cinye shaguna da rayuka. Kuma a tuna, irin wannan saƙon yana yawo a wayoyin masu masaukinmu, da harshensu, a kanmu: wai mun sa guba a tumatir, wai mai tura baro da mai gyaran takalmi 'yan leƙen asiri ne. Duk zafin da muke ji idan an faɗa a kanmu, haka suke ji idan an faɗa a kansu. Mu da muke zaman baƙunci da mata da yara da jari a garin mutane, mu ne farkon waɗanda wutar za ta ci.

Masu hali a cikinmu, a duba inda kuɗi ke tafiya. Wanda ya zo neman gudummawa don "wayar da kan jama'armu", a saurari abin da yake faɗa kafin a buɗe jaka. In duk zancensa su ne, su ne, suna shirya mana, to a riƙe hannu. Iyaye mata, ku ne kuke jin abin da yara ke kunnawa a ɗaki, ku riƙa tambaya wa ya faɗa, a ina.

Wanda labarin tashin hankali ya iso wa wayarsa, ya kira wani da ya sani a wannan garin ya tambaye shi abin da ya gani da idonsa. In abin ya tabbata, a kawo wa liman ko Sarkin Hausawa, su suka san shugabannin gari da na kasuwa da jami'an tsaro da za a tuntuɓa. In bai tabbata ba, a goge shi, a kuma gaya wa wanda ya turo, cikin mutunci, cewa an bincika ba haka ba ne. Allah Ya tsare direbobinmu da ke kan hanya a wannan dare, Ya zaunar da garin nan lafiya da mu da masu masaukinmu.